Yadda Na Kai Goggo Ikko a Canza Mata Ƙwaƙwalwa

Tunda ka matsa sai na ba ka labarin tafiyar nan tun daga tushe, to gyara zama. Ka san Goggo. Ba ƙanwar Baba nake nufi ba, baƙar laftof ɗin nan tawa mai kauri, wadda yaran makaranta suka laƙaba wa suna saboda in an kunna ta sai ta gama miƙa da hamma kafin ta amsa sallama. Ƙirar 2011 ce, a gwanjo na saye ta, kuma ta yi min rana. Da ita nake buga tambayoyin jarrabawa, da ita nake haɗa makin ɗalibai. Tun da JAMB ta koma kwamfuta zalla a 2015, yaran Dugabau da yawa a jikinta suka fara koyon riƙe linzami kafin su shiga zauren jarrabawa. Bara ne ta fara sarewa. Ka danna abu, ka je ka yi alwala ka dawo, tana nan tana tunani. Ga zafi har ba ta ɗoruwa a cinya, fankarta kuwa sai kuka take kamar injin markaɗe.

Wani ɗan bautar ƙasa da aka turo mana ne ya duba ya ce furosesa ne, wato ƙwaƙwalwar da ke yi mata lissafi. Ya nuna min ɗan tambarin da ke manne a gefen kibod, an rubuta Core i3. Ya ce da i7 ne da yanzu gudu take kamar barewa. Ni kuwa malamin lissafi ne, na san bakwai ta fi uku. Tun ranar maganar ta zauna min daram.

Ana haka matar Yayana da ke Agege ta sauka, Inna ta ce tunda an yi hutun makaranta ni zan wakilci gida, ni kuma na ce da Goggo zan tafi a canza mata ƙwaƙwalwa. Ka san mutanenmu, da sun ji ƙishin-ƙishin tafiya sai sautu ya taso. Inna ta ɗaure min yajin jego da kuka da daddawa da kwalbar man shanu. Hedimasta kuma ya kira ni ofis ya miƙo min tasa laftof, sabuwa fil, siririya mai ruwan azurfa, wadda ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kai. "Malam, tunda za a canza wa Goggo kai, a haɗa da amaryata. Ita ma nawarta ta ishe ni." Na ce, "An gama, ranka ya daɗe," kamar na san abin da nake faɗa.

Da sassafe ɗan acaɓa ya fitar da ni titi, hunturu na yanka kunne. Na samu motar da ta taso daga Gwarzo, mu huɗu a baya biyu a gaba, jakata a ƙirji. Rimin Gado, Janguza, sabuwar Jami'ar Bayero, sai ga mu a Kabuga. Wannan hanya kai ma ka san ta, ba sai na ɓata maka lokaci ba. Da yake motar Ikko sai yamma take tashi, na ce bari in leƙa Beirut Road, layin nan na 'yan waya da kwamfuta da ya ci sunan babban birnin Lebanon, ƙasar kwarorin nan na Kantin Kwari.

A can na tarar da wani yaro a gindin bene, teburinsa bai wuce faɗin tabarmar salla ba, ko gemu bai fara ba. Ya kunna Goggo, ya kara kunne a jikinta, ya sa tafin hannu a inda iska ke fita. Ya ce, "Malam, ba ƙwaƙwalwa ke damunta ba. Ƙura ce ta toshe ta, had-dis ɗinta kuma ya gaji. A busa ta, a sa mata SSD, a ƙara ram, yanzun nan ka tafi da abarka." Na ce ni i7 nake so. Ya ce babu a ƙasa, sai dai a yi oda daga Legas. A raina na ce, wato abin da ba shi da shi yake kushewa don ya sayar min da wanda yake da shi. Na yi masa godiyar fatar baki na naɗe kayana. Ka riƙe yaron nan a ranka.

A New Road ta Sabon Gari na shiga doguwar motar nan da ake kira lagzari. An ce ƙarfe huɗu, muka tashi bayan magariba. Wani mai tallar magani ya miƙe a tsakiyar mota, tun daga Kwanar Dangora har Zariya yana lissafa cututtukan da kwalba ɗaya ke warkarwa. Kaduna da Abuja a gyangyaɗi na wuce su. Abu ɗaya na ƙudura zan gani da idona, Kogin Kwara, wanda tun firamare muke zana shi a taswira yana haɗuwa da Binuwai a Lakwaja. Goshin asuba maƙwabcina ya taɓa ni ya ce ga mu kan gadar Murtala. Na manna fuska a gilashi, ban ga komai ba sai duhu da hazo. Abin da zan iya ce maka kawai, gadar na da tsawo.

Da gari ya waye muka wuce duwatsun Okene, daga nan Kurmi ya buɗe. Mu da muka baro gonaki fetal an sare karan dawa, a nan kore ne shar ko'ina, itatuwa sun cushe har ba ka ganin ƙasa. A bakin titi mata na ɗaga ayaba da galan-galan na manja, yara kuma na ɗaga dodon koɗi a ɗaure, kowane ya kai dunƙulen hannu, wai na miya ne. Tsakanin Owo da Akure maƙwabcin nawa, wani dattijo ɗan fataucin albasa, ya nuna min bishiyar goro. Shekara nawa ina cin goro ina kai shi ɗaurin aure, ban taɓa tambayar kaina a jikin me yake fitowa ba. Ashe a cikin kwanso yake, bishiyar kuma ba wata gagaruma ba ce. Muka ratsa Badun, muka wuce Shagamu, inda ya ce tun kaka da kakanni Hausawa ke zaune suna ɗaura huhun goro zuwa Arewa. Dab da shiga Ikko sai ga kasuwar Kara a ƙarƙashin gada, shanu bila adadin, duk namu ne. Sun sha hanyar da na sha, sama da kilomita 1,000, su a tsaye.

Yaya ya tare ni a Berger muka nufi Agege. Abin da Sabon Gari yake ga mutanen Kudu a Kano, shi ne Zangon Agege gare mu a can. Kiran salla, mai shayi, mai tsire, Hausa ta ko'ina, har na manta baƙo ne ni. Gumi ne ya tuna min. Ga Disamba, ga ni da rigar sanyi da hular ulu, iska kuwa a jiƙe kamar ka shiga ɗakin da ake dafa ruwan jego. Aka yi suna lafiya, na ci burodin nan nasu mai danƙo da ake kuranta shi, kuma gaskiya bai yi ƙarya ba.

Washegari Yaya ya yi min huɗuba kamar mai shirin shiga daji. Waya a aljihun gaba. Kada ka tsaya wa kowa a titi. Kada ka sayi komai a hannun wanda ba shi da shago, don ana ba da labarin waɗanda suka sayi waya suka je gida suka tarar da tuwon rogo a cikin kwanso. Ya sa ni a danfo, ƙananan bas ɗin nan nasu masu ruwan ɗorawa da baƙin layi, ya ce in sauka a Ikeja Along. Da muka iso na ce, "Akwai!" kamar a Kabuga. Ko waiwayowa kwandasta bai yi ba. Sai wata mata ta daka masa tsawa, "Owa!" Nan take direba ya taka birki. Daga baya na ji ashe kalmar a Yarbanci ma'anarta ke nan, akwai. Magana ɗaya muke yi, baki ne ya bambanta. Ina sauka jirgin ƙasan nan na cikin gari da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 ya wuce ta gabana, na saki baki har wani ya bangaje ni.

Computer Village suke kiran kasuwar, wai ƙauyen kwamfuta. Ni da na fito daga ƙauye na gaske, sai da na yi dariya. Unguwar gidajen kwana ce a da, da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001 sai shaguna suka cinye ta, ɗaki bayan ɗaki, hawa bayan hawa. Ka ɗauki kasuwar waya ta Farm Centre ka haɗa da Beirut Road ka jibga su a kan juna, ka kunna janareta a kowace ƙofa, to ka kama hanyar gane layin Otigba. An daɗe ana cewa za a tashe su zuwa Katangowa, suna nan. Samari na jan hannun rigata, kowa na tambayar me zan saya, me zan sayar. Kayan gwanjo su tokunbo suke ce musu, wato abin da ya ƙetaro teku, kuma na ga laftof a jibge a kan teburi kamar ƙosai a tire. Na rungume jakata na yi ta kutsawa. Wani Basakkwace mai tallar goro da alawa a bakin layi ne ya cece ni, ya kwatanta min wani shago a hawa na biyu, ya ce mai shi ba ya ha'inci.

Na hau na tarar da wani ɗan ƙabilar Ibo, kakkaura, da tabarau a goshi, yara uku na aiki a bayansa. Na tattaro Turancin aji na fara bayani, shi kuma ya amsa da buroka mai gudu, muka yi cirko-cirko. Sai ya dubi hulata ya ce, "Malam, daga ina?" Hausa tsaf, ta Kanawa. Na ce Kabo. Ya ce, "Ta hanyar Gwarzo ke nan." Ashe a Sabon Gari aka haife shi, a can ya yi firamare. Yaran nan kuwa koyon sana'a suke, in sun cika shekarun da aka yi alkawari zai sallame su da jari, kamar dai yadda ake yi wa yaron shago a Kwari.

Amaryar hedimasta na fara miƙa masa, don ita ce abin nunawa. Ya juya ta, ya karanta lambar furosesa, Celeron N4020, ya girgiza kai. Don kada in ce ƙyuya ce, ya kwance bayanta ya nuna min. Ƙwaƙwalwar wani ɗan baƙin abu ne a manne a jikin bod, a ƙarƙashinsa akwai 'yan ƙwallayen dalma sama da dubu da aka narkar suka liƙe. Ram ɗinta ma a manne, ma'ajiyarta a manne. Ya ce zubi na huɗu, na 2013, shi ne na ƙarshe da Intel ya yi wa laftof furosesa mai cirewa, daga zubi na biyar a 2015 duk liƙe su ake yi, don ta haka ake samun siririyar kwamfuta mara nauyi. Na ce ba a ɓamɓarewa? Ya nuna min wani inji a lungu mai hura zafi sama da ƙasa. Ya ce ana yi, amma sai dai a mayar da ɗan gidansu, kuɗin aikin zai kusa sayen wata, kuma in bod ya ƙone ba ruwansa. "Ka mayar wa maigidanka kayarsa lafiya, Malam. Yadda aka haife ta haka za ta mutu."

Jikina ya yi sanyi, na ciro Goggo ina jin kunyar kaurinta. Sai na ga ya washe baki, ya ce wa yaransa su zo su ga kwamfuta. Ya sa sukundireba ya ɗaga kibod, ya kwance fanka da wani lanƙwasasshen bututun jan ƙarfe mai kwashe zafi. A bakin fankar ya zaro wani curi kamar auduga, ja wur. Ya ɗaga shi sama ya ce, "Ga ƙasar Kabo na dawo maka da ita." Hunturun shekara da shekaru ne ya taru ya toshe mafitar iska, man da ake shafawa tsakanin furosesa da jan ƙarfen kuma ya bushe ya zama kamar alli. Ya ce furosesa in ya ji zafi da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Wato rabin nawar Goggo numfashi ne ya gagare ta.

Sannan ya murɗa wani ɗan sukuru rabin zagaye, ya ɗago ƙwaƙwalwar da yatsa biyu ya ɗora min a tafin hannu. Wallahi na zaci zan ga wani abu mai cika ido. Falle ne koren fata, kamar faɗin akwatin ashana, da ɗan madubi a tsakiya. Ƙarƙashinsa 'yan allurai ne masu ruwan zinare, guda 988, kowace da raminta a gurbi, in ɗaya ta lanƙwashe an shiga uku. Ɗan madubin nan shi ne komai. Daga yashi ake tace sinadarinsa, kuma a cikinsa akwai 'yan makunnai sama da miliyan 500, alhali furosesan farko da kamfanin ya fitar a 1971 guda 2,300 gare shi. Na tsaya ina kallonsa ina tuna yadda nake fama da yara a kan jadawalin sau bakwai.

A nan aka rushe min lissafina na bakwai ta fi uku. Nawa i3-2310M ne, zubi na biyu. Ya ce i7 suna suka tara. Wanda ke da QM a ƙarshe, irin 2630QM, kai huɗu gare shi, amma wat 45 yake ci, fankar Goggo kuwa an yi ta ne don mai 35, in an sa shi a zafin Afrilu na Kano dafa kansa zai yi. Na zubi na uku zai shiga gurbin daram, don ƙafafunsu ɗaya, amma bod ɗinta bai san shi ba, ba za ta tashi ba. Wanda ya dace da ita shi ne 2640M, shi kuma kai biyu ne kamar nawa, sai dai ya fi sauri, 2.8 a kan 2.1, kuma yana iya ƙara wuta in aiki ya yi nauyi. Ya ƙara da cewa i3 na 'yan shekarun nan ya fi i7 na 2011 nesa ba kusa ba. Ko an canza ma, Windows 11 ba ta karɓar ƙasa da zubi na takwas a ƙa'ida, Windows 10 da take kai kuwa tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya janye mata tallafin da ya saba bayarwa.

Ya ce bari in ga wani abu. Ya mayar da tsohon furosesana, ya ɗiga sabon mai kamar ƙwayar wake, ya ɗaure. Ya zare had-dis, ya ce faifai ne ke juyawa a ciki sau 5,400 a minti, allura na bin sa tana neman abu kamar tsohon garmaho. Ya sa SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa. Ya ƙara ram daga 4 zuwa 8. Kafin a gama zuba mata manhaja na je na yi azahar na ci shinkafa a wurin wata Bayarabiya, barkono ya sa ni hawaye. Da na dawo ya ce in danna. Kafin in gyara zama Goggo ta buɗe, shiru, ba kuka ba zafi. Ya ce, "Ka gani? Ƙwaƙwalwarta lafiya lau, ƙafa ce ba ta da ita. Ka riƙe sauran kuɗinka."

Busawa, SSD, ram. Har jerin bai canza ba. Fuskar yaron gindin bene ta faɗo min.

Kana tsammanin na ji shawara? Ina! Na tuna ɗan bautar ƙasa, na tuna majalisar ƙofar makaranta da duk na shaida wa za a sa i7. In koma in ce musu busa ta kawai aka yi? Na ce a sa. Ya ɗaga kafaɗa ya aiki yaro, aka kawo 2640M da aka ciro daga wata matacciyar tokunbo. Ya daidaita alamar kusurwa, ya sake shi ya faɗa gurbi da kansa ba dannawa, ya kulle. Muka kunna. Gaskiya tsakanina da kai, in ba babban fayil na buɗe ba, ba na jin bambanci. Kuɗin da na ba da da ya sayi sabon batir, wanda shi ne ma abin da ta fi buƙata a garinmu. Ya naɗe min tsohon a takarda ya ce in kai wa ɗalibai su gani, ya kuma ce in na je in gaishe masa da Kano.

A dawowa da rana muka hau gadar Murtala, na ga Kwara da idona, faɗinsa ya wuce duk abin da na zana a taswira. Da muka sauka Kano ban wuce Kabuga kai tsaye ba, sai da na biya Beirut Road. Yaron na nan a gindin benensa. Na ce masa maganarsa ta fito, har Ikko abin da ya faɗa aka maimaita min. Ya yi murmushi ya ce, "Ai ba komai, Malam. An sa i7 ɗin?" Na ce an sa. Bai ce komai ba, wanda ya fi min ciwo a kan ya yi magana. A wurinsa na sayi sukundireba da ɗan man shafawar, ya nuna min yadda ake buɗe fanka.

Hedimasta bai ji daɗi ba. Ya juya amaryarsa ya sake juyawa, ya ce yanzu wannan tsohuwar ta fi tawa? Na ce wajen kyau dai a'a, ranka ya daɗe. Yanzu in aikin sakamako ya taso, Goggo yake aikowa a ɗauka.

Kai ma na san akwai wadda ka jefa ƙasan akwati tun bara ka ce ta mutu. Kada ka sayar wa 'yan gwangwan tukuna. Ka duba lambar furosesanta, in ta ƙare da U ko ta fara da N, a manne yake, kada kowa ya karɓi kuɗinka da sunan canji. In M ce, galibi ana cirewa, amma shi ne na ƙarshe da za a taɓa. Ka kawo ta makaranta ranar Asabar da hantsi mu fara busa ta, sukundirebana na nan.